Daga bakin sojan baka zuwa addar ɗan daba

Ranar Asabar 16 ga Afrilu 2011 aka yi zaɓen shugaban ƙasa a Najeriya. Masu sa ido na gida da na waje sun ce ya fi na 2007 tsafta nesa ba kusa ba. Duk da haka, cikin kwana uku da suka biyo baya an kashe mutum sama da 800 a jihohi 12 na Arewa, wasu kimanin 65,000 suka bar gidajensu, kamar yadda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙididdige. Mafi yawan gawarwakin a kudancin Kaduna aka kwashe su, a garuruwa irin su Zonkwa da Matsirga da Kafanchan. A jihar Bauchi an hallaka matasa goma masu yi wa ƙasa hidima, a shekarar da hukumar zaɓe ta damƙa wa irinsu aikin rumfuna.

Da maguɗi kaɗai ke kawo zubar da jini, da 2007 ce za ta fi muni, domin shi kansa wanda ya ci a lokacin, Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya amsa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da aibu. Ke nan akwai wani abu daban da ya yi aiki a 2011, kuma tun watanni kafin a buga takardar ƙuri'a ya fara aikinsa.

Goodluck Jonathan ya samu ƙuri'a kusan miliyan 22 da rabi, Muhammadu Buhari miliyan 12 da 'yan kai. Buhari ya cinye jihohi 12 na can Arewa, a Kudu kuwa kusan ba a ga ƙeyarsa a akwati ba. To ɗauki wani matashi a Kurna ko Rigasa. Wata da watanni bai ji mutum ɗaya ya ce a fili zai zaɓi Jonathan ba, ko a teburin mai shayi, ko a ƙofar masallaci, ko a motar haya. Alhali sakamakon da aka bayyana ya nuna Jonathan ya haura kashi ɗaya cikin huɗu a jihohi irin su Jigawa da Sakkwato da Gombe. Jam'iyyar CPC ta Buhari ta ƙalubalanci alƙaluman zaɓen, Kotun Ƙoli ta kori ƙarar a Disamba. Masu ra'ayin Jonathan a Arewa sun yi gum ne saboda faɗinsa na iya jawo wa mutum jifa, ko a farfasa masa gilashin mota. Da aka karanta sakamako, matashin nan ya kasa gane yadda wanda “kowa da kowa” ya zaɓa zai faɗi in ba sata aka yi ba. Takwaransa na Fatakwal shi ma bai taɓa zama da mai son Buhari ba, abin da ya sani game da su shi ne abin da aka gaya masa.

Wannan ita ce rabuwar kan da ke kisa. Saɓanin ra'ayi dai ko tsakanin harshe da haƙori ana samunsa. Cutar tana farawa ne ranar da mai ra'ayi na daban ya daina iya buɗe baki a unguwarsu, domin shirunsa yana sa masu rinjaye su ɗauka babu shi a duniya.

Baki

A Kano da maƙwabtanta akwai sana'a sukutum da ake kira sojan baka. Da yamma mutum ya je gidan rediyo a naɗi muryarsa na 'yan mintuna, da dare a saka a filin siyasa, gobe abokin karawarsa ya zo da martani. Asalin abin ba laifi ba ne. Tun da gidajen rediyo masu zaman kansu suka buɗe a Kano daga 2003, talaka ya samu inda zai kira sunan kwamishina ya tambaye shi ina kwalbatin da aka yi alkawari. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen biya. Ubangida ba ya sallamar yaronsa don ya yi bayanin kasafin kuɗi, sai don ya “taɓa” wane har an kwana ana zancen. Gidan rediyon kuma kuɗin filin siyasa na cikin abin da yake biyan albashi da sayen man janareta da shi, don haka edita yakan kau da kai. Kowa a sarƙar yana samun riba daga zafin magana, ba wanda ke samu daga sanyinta. Yanzu kuma an ƙara da Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp, inda ake yanko daƙiƙa ashirin mafi zafi daga hirar minti goma a watsa ba kai ba gindi.

Ya kamata a rarrabe magana hawa-hawa, saboda masu mulki suna son a cakuɗa su. Akwai suka: ka ce gwamna ya karɓi bashin kaza, ba a ga aikin ba. Wannan haƙƙi ne, sashe na 39 na tsarin mulki ya kare shi, ko da ya yi ɗaci. Akwai zambo da habaici da gugar zana, gishirin siyasar Hausa tun zamanin NEPU da NPC. Akwai cin mutunci: a shiga gidan mutum, a taɓa iyayensa, a yi masa ƙazafin da ba a iya kawo shaida a kai. Sai hawa na ƙarshe, inda ake cire abokin hamayya daga sahun mutane ko daga addini, a ce da shi kafiri, ko maci amanar yanki, ko annobar da sai an kawar, sannan a nuna inda yake. Daga nan zuwa ɗaukar gora taku ɗaya ne, domin an riga an sauke wa mai gorar nauyin zunubi.

Gane hawan da magana take ba ya yiwuwa daga kalmomi kaɗai. A 2012 ƙwararrun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tara a Rabat ta ƙasar Maroko sun fitar da ma'auni shida: yanayin da ake ciki, matsayin mai maganar, niyyarsa, abin da ya faɗa da yadda ya faɗe shi, nisan inda maganar ta kai, da yiwuwar a aikata ɓarna saboda ita. Misali na kusa shi ne “kare jini, biri jini” da Buhari ya faɗa a Kaduna a watan Mayun 2012, yana gargaɗi kan maguɗi a 2015. A kunnen Bahaushe karin magana ne na karon batta, kowa ya ji a jikinsa. Jaridun Turanci suka fassara shi kalma da kalma, ya fita Kudu a matsayin alkawarin wanka da jini. Magoya baya suka ce an yi masa rashin adalci a fassara, kuma da gaskiyarsu. Amma ma'auni na ɗaya da na biyu ba su wanke shi tas ba: shekara ɗaya ke nan da gawarwakin 2011, kuma mai maganar mutum ne da miliyoyi ke ɗaukar furucinsa kamar umarni. Abin da dattijo zai faɗa a zaure a yi dariya, jagora ba shi da wannan sararin.

Yaran

Sunayensu sun bambanta, aikin ɗaya ne: 'yan daba a Kano, kalare a Gombe, sara-suka a Bauchi, ƙauraye a Katsina, ECOMOG a Borno. Ba yau aka fara ba. A shekarun 1950 'Yan Mahaukata sun addabi 'yan NEPU a Kano, ga kuma 'yan doka da kotunan alƙalai na En'e, waɗanda izinin yin lacca ma a hannun hukumarsu yake. Hajiya Gambo Sawaba ana ƙirga mata ɗauri har 16. A Jamhuriya ta Biyu PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, kuma ranar 10 ga Yuli 1981, bayan takardar tuhumar da gwamnatin Abubakar Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka yi tarzomar da aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. A lura da abin da aka cinna wa wuta ran nan, ban da ma'aikatu: gidan Rediyon Kano da ginin jaridar Triumph, wato wuraren magana.

Ɗan takara ba ya zama da 'yan daba ido da ido. Akwai mai shiga tsakani, galibi da laƙabin shugaban matasa ko mai kula da tsaro, shi ke magana da shugabannin daba na unguwanni. Ladan kashi uku ne: 'yan kuɗin da ba su kai sati, kayan maye, da alkawarin beli idan an kama yaro. Na ukun ya fi sauran tsada a wurinsu. Aikin ma hawa uku ne. Rakiya ranar gangami, don a ga ɗan takara “yana da jama'a”. Sai yaga fosta da tarwatsa taron abokan hamayya. Sai ranar zaɓe.

Na ranar zaɓe lissafi ne tsagwaronsa, ba hauka ba. Sayen ƙuri'a 500 yana da tsada kuma ba tabbas. Korar mutum 500 daga layi a akwatin da ka san ba naka ba ne yana buƙatar yara ashirin da minti goma. Ƙa'idar hukumar zaɓe kuma ta ce idan ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu zaɓe a rumfunan da aka soke ba, zaɓe bai kammala ba, sai an sake a wuraren. Manufar ƙa'idar kyakkyawa ce, kada a danne wa kowa ƙuri'arsa. Amma ta buɗe ƙofa: wanda ya ga alamar faɗuwa yana iya sa a fasa akwatuna har soke-soken su haura ratar, sannan a tattara duk ƙarfin jiha a kan 'yan mazaɓu kaɗan a zagaye na biyu. Kanawa ba su manta 2019 ba. A zagayen 9 ga Maris Abba Kabir Yusuf yana gaba da ƙuri'a dubu 26 da ɗoriya, aka ce inkwankulusib. Ranar 23 ga Maris aka sake a wasu rumfuna, har da mazaɓar Gama, masu sa ido na Tarayyar Turai suka ba da rahoton gungun matasa da makamai da tsorata masu zaɓe, Abdullahi Ganduje ya ƙare da ratar da ba ta kai dubu tara ba, kotuna kuma suka tabbatar masa.

Bayan rantsuwa sai a watsar da yaran. Wuƙa ba ta komawa kube don an gama zaɓe. Ita ce ke dawowa a faɗan unguwa da ƙwacen waya. Masu zaɓe kuwa suna janyewa. A 2003 kashi 69 cikin ɗari na masu rajista suka fito zaɓen shugaban ƙasa, a 2023 kimanin kashi 27. Dalilan suna da yawa, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a layi ya san su wa ke fara komawa gida idan aka ji ihu: mata, tsofaffi, da magidancin da ya tuna yana da 'ya'ya.

Doka tana nan, hukunci ne babu

Sashe na 92 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya hana zagi da kalaman da za su taɓa addini ko ƙabila a yaƙin neman zaɓe, ya hana kamfe a wuraren ibada, ya hana tara ko horar da wasu mutane don nuna ƙarfi. Hukuncin da dokar ta tanada wa ɗan takara shi ne tarar da ba ta wuce naira miliyan ɗaya ba ko ɗaurin wata 12. Jam'iyya miliyan biyu a karon farko. Ga mai neman gwamna wannan bai kai kuɗin fostar ƙaramar hukuma ɗaya ba. Sannan dokar ta ɗora wa INEC gurfanarwa, alhali ba ta da ikon kama kowa ko yin bincike, sai abin da 'yan sanda suka miƙo mata. Laifin da ya faɗa ƙarƙashin dokar jiha kuma, kwamishinan shari'a na da ikon janye ƙara, shi kuwa gwamna ne ya naɗa shi.

Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawara tun Disamba 2008 a kafa hukuma ta musamman mai hukunta laifukan zaɓe. Kwamitin Sheikh Ahmed Lemu da ya binciki rikicin 2011 ya sa rashin aiwatar da rahotannin kwamitocin baya a sahun gaba na musabbabai. Ko inda aka yi hukunci, a kan ɗan aike yake tsayawa. A Nuwamba 2019 an ƙona Salome Abuh, shugabar matan PDP a mazaɓarta, cikin gidanta a Ochadamu ta jihar Kogi, kwanaki kaɗan bayan 'yan takara sun sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya. Mutum ɗaya aka ɗaure, shekara 12 da rabi. Ghana ta gwada hanya mai tsauri bayan harbe-harben zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Janairu 2019, ta yi dokar da ta tanadi ɗaurin aƙalla shekara goma ga mai kafa ƙungiyar 'yan banga ta siyasa. Duk da haka an rasa rayuka a zaɓensu na 2020, har da Techiman.

Abin da ya hana 2015 zama 2011 ya cancanci a dube shi da kyau, don ana yawan taƙaita shi a kan takarda. Ranar 14 ga Janairu 2015 'yan takara suka sa hannu a yarjejeniyar Abuja a gaban Kofi Annan da Emeka Anyaoku, aka sabunta tsakanin Jonathan da Buhari ranar 26 ga Maris. Takardar ba ta da ƙarfin doka ko kaɗan. Abin da ya ba ta haƙora shi ne kwamitin da ke bayanta, ƙarƙashin Janar Abdulsalami Abubakar, da Bishop Matthew Kukah da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar da Kadinal John Onaiyekan a ciki, mutanen da idan sun kira waya dole a ɗauka. Ga gargaɗin mai gabatar da ƙara ta kotun duniya da ke Hague, ga barazanar hana biza daga Amurka. Ga kuma hoton Jonathan da Buhari sun rungumi juna, wanda ya shiga kowane lungu. Ranar 31 ga Maris Jonathan ya kira Buhari ya amsa shan kaye kafin a gama tattara sakamako. Tun daga nan sa hannun ya zama biki: a taru a otal, a ɗauki hoto, shugaban matasa na mazaɓa bai ma san me aka rubuta ba.

Muhawara a matsayin kayan aiki

A 1993 MKO Abiola da Bashir Tofa sun tsaya gaban kyamarar NTA sun kara. Bayan nan sai wasan ɓuya. A 2011 Jonathan bai je wadda Buhari da Nuhu Ribadu da Ibrahim Shekarau suka halarta ba, ya je wata ya tsaya shi kaɗai. A 2015 Buhari ya ƙi zuwa. A Janairu 2019 Buhari bai zo ba, Atiku Abubakar ya iso zauren ya juya. Dalilin a fili yake: wanda ke ganin yana gaba ba abin da zai ƙaru da shi sai haɗarin tuntuɓen harshe, kuma babu dokar da ta tilasta masa.

Amfanin muhawara kuwa an auna shi a maƙwabta. A zaɓen Saliyo na 2012 masu bincike sun ɗauki muhawarar 'yan takarar majalisa a mazaɓu 14, aka zaga da ita ƙauyuka a majigi. Waɗanda suka kalla sun fi sanin 'yan takara da manufofinsu, kuma 'yan majalisar da suka fito daga cikin muhawarar sun fi yawan komawa ganawa da jama'arsu da kashe kuɗin mazaɓa a kan aiki. A Ghana a 2016 wani binciken ya gano cewa 'yan a-mutun jam'iyya sun sassauta ra'ayinsu game da ɗan takarar ɗaya ɓangaren bayan sun kalle shi yana magana. Ba abin mamaki ba ne. Mutumin da aka shekara ana siffanta maka shi da ƙaho, ka gan shi ya miƙa wa gwaninka hannu, ka saurare shi minti biyu ba tare da wani ya fassara maka shi ba.

Sai dai muhawarar da ba a tsara ba gara babu ita. Ga inda aka fi samun matsala. Na farko zaure: idan aka bar ƙofa a buɗe, wanda ya fi motocin haya shi zai cika wurin, a koma gasar ihu. Maganinsa katin shiga daidai wa daida ga kowace jam'iyya, misali ashirin-ashirin, sauran kujeru a ba ƙungiyoyin 'yan kasuwa, malaman makaranta, mata da masu buƙata ta musamman. Ba hula ko tutar jam'iyya, ba tafi sai a farko da ƙarshe. Na biyu lokaci: minti biyu na amsa, minti ɗaya na martani, daƙiƙa talatin ga duk wanda aka ambaci sunansa, agogo a inda kowa ke gani, makirufo kuma a hannun injiniya yake, lokaci na cika ya kashe. Wurin tsayawa da wanda zai fara, ƙuri'a za a jefa a gaban wakilai. Na uku alƙalin muhawara: a amince da sunansa a rubuce mako biyu kafin ranar, a sanar da fannonin da za a taɓo amma ba tambayoyin ba, kuma ya zama mai iya cewa “ranka ya daɗe, ba ka amsa ba, da wane kuɗi za ka yi?” Tambayar da ta fi tona asiri ita ce ta biyu, ba ta farko ba. Na huɗu harshe. Muhawarar gwamnan Jigawa ko Zamfara da Turanci, don 'yan Abuja aka yi ta. Waɗanda BBC Hausa ta shirya wa 'yan takarar gwamna a wasu jihohi, har da Kano, a 2019 da 2023 sun nuna ana iya yi da Hausa kuma jama'a na saurare. Wanda ya ƙi zuwa, a bar teburinsa da sunansa a gaban kyamara har a tashi.

Mutunta juna a nan ba ya nufin lallashi. Dubi wasan Bafulatani da Babarbare, ko na taubasai: ana faɗa wa juna maganar da baƙo zai ɗauka za a dambace, amma akwai iyakar da kowa ya sani, ba a shiga iyaye, kuma wanda aka jefa yana da damar ramawa nan take. Damar ramawar nan ita ce filin siyasar rediyo ya rasa, domin martani sai bayan awa 24, lokacin da maganar farko ta riga ta zaga gari.

A Mayun 2025 gwamnatin Kano ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa kai tsaye a kafafen yaɗa labaran jihar, da hujjar daƙile cin mutunci, masu suka kuma suka ce wannan hurumin NBC ne, hukumar tarayya mai kula da gidajen rediyo da talabijin, ba na jiha ba. Matsalar da aka hango gaskiya ce, amma maganin ya yi kama da izinin lacca na zamanin En'e, tunda mai mulki ne zai yanke wace magana ce zagi. Akwai hanyoyin da ba sai an rufe baki ba. Na'urar jinkirta sauti da daƙiƙa bakwai zuwa goma tana ba mai gabatarwa damar datse ashar ko ƙazafi kafin ya fita iska. A riƙa faɗin wanda ya biya kuɗin fili a farkon shiri da ƙarshensa, don ubangida ya ɗauki alhakin bakin yaronsa. Duk zargin sata ko lalata da aka kama suna, edita ya nemi takarda kafin ya saka, wanda aka zarga kuma a ba shi mintuna daidai da na mai zargi, kyauta, a cikin shirin daren, ba gobe ba. Sai gidajen rediyon gari su haɗa rajista guda: sojan bakan da aka dakatar a tasha ɗaya na wata guda, kada ya tsallaka titi ya sayi fili a ta kusa da ita.